Injiniya Sabis da Eriyarsa Mai Sauya Kama

Duk wanda ya taɓa zama a gidan benen nan ya san halinsa: matakala ba ta ƙarewa, waya kuma ba ta shiga. A cikin kwari aka gina shi, daga baya masu hali suka kewaye shi da dogayen gine-gine, ya koma kamar gajere a tsakiyar taro. Mai son kiran wani sai ya hau har rufin sama, ya matsa jikin tankin ruwa, ya tsaya a wani ɗan lungu da bai wuce tsayuwar mutum ɗaya ba, ya ɗaga waya sama kamar mai rantsuwa. Nan kaɗai sabis yake leƙowa. Da yamma har layi ake yi, kowa na jin sirrin kowa, ba wanda ya damu.

A hawa na uku Tela take zaune da mijinta da 'yan biyunsu. Mace ce mai ƙarancin magana, keken ɗinkinta ke surutu a madadinta daga safe zuwa yamma. Shi kuwa mijin, Allah ya hore masa bakin da ya ishi gidan gaba ɗaya. Ya taɓa aikin wucin gadi a wani kamfanin sadarwa, inda aikinsa bai wuce riƙe tsani ba in ma'aikata za su hau ƙarfen sabis. An sallame shi ne ranar da ya saki tsanin da hannu biyu don ya nuna wa na sama yadda ake ɗaure waya. Tun daga nan ya naɗa wa kansa Injiniya. Maƙwabta suka ƙara masa da Sabis, wai don shi ma ba a samunsa lokacin da ake buƙata, sai an gama wahala ya bayyana a cike.

Masifar ta faro ne ranar da Tela ta aike shi ya kai labulen da ta ɗinka wa wani zauren taro. Ya tarar da injiniyoyi na gaskiya suna taro a ciki. Maimakon ya ajiye kaya ya juyo, sai ya raɓe a bakin ƙofa, ya sha lemonsu, ya saurari rabin jawabi, ya dawo gida da labulen a hammata da sabuwar magana a baki.

Ya ce duniya ta tafi ta bar mutanen gidan nan. Yanzu an daina yayin eriyar da ke tsaye ƙiƙam kamar gunki. Akwai wadda ke sauya kama da kanta: ta miƙe, ta tsuke, ta buɗe, ta juya, ta nemi inda sabis ya fi ƙarfi ta cafko shi. In waya ake so ta zama ta waya, in talabijin ake so ta zama ta talabijin. Ya ce waɗanda ya gani a zauren sun yi shekaru suna zane-zane a allo suna sosa ƙeya, shi kuwa tun a hanyar dawowa ya gama haɗa ta a kansa.

Tela ta ciji zare, ta tambaye shi labulen mutane fa.

"Ina miki zancen makomar sadarwa, kina min zancen labule."

"Makomar sadarwa ba ta kawo cefane, Baban 'Yan Biyu. Labule ke kawowa."

Ya ce ai haka ake yi wa duk masu basira, daga cikin gida ake fara raina su. Ta ce to ya mayar da labulen tukuna, in ya dawo sai ta ci gaba da raina shi daga inda ta tsaya.

Da abin ya tsaya a ɗakinsu da da sauƙi. Sai aka yi rashin sa'a Mai Bene, dattijon da ya mallaki gidan yake kuma zaune a hawan ƙasa, yana da abin da ke cin ransa. 'Yarsa tilo tana karatu a wata ƙasa mai nisa, ta kusa kammalawa, likita kuma ya hana shi doguwar tafiya. An gaya masa za a nuna bikin yaye ɗaliban kai tsaye ta intanet, amma gwiwarsa ba ta shiri da matakala, balle tsayuwa jikin tanki. Sabis ya sansano wannan kamar kyanwa ta ji ƙamshin kifi. Ya tare dattijon a bakin get ya rantse masa cewa ranar zai ga 'yarsa a babban talabijin, a nan harabar gida, yana zaune a kujerarsa, tas-tas har sai ya ga ƙiftawar idonta. Ya ce wa dattijon ya ma gayyato abokansa su shaida. Abin da ake buƙata kawai shi ne izinin hawa rufi da haɗin kan jama'a.

Dattijo ya daɗe yana kallonsa. Ya san waye Sabis, amma son ɗa kan rufe ido. Ya ce ya amince, sai dai in aka ɓata masa wannan ranar, to Injiniya ya fara neman wani gidan da zai gwada basirarsa.

Tela ta ji wannan sharaɗin ta taga. Allura ta soke ta ba ta ma ji zafi ba.

Haɗin kan jama'a ashe kayan jama'a ake nufi. Sabis ya bi ƙofa-ƙofa yana aron laima, da yake ba lokacin ruwa ba ne kowa ya miƙo tasa don a rabu lafiya. Ya tattara murafen tukwane, ya kwashe hangar kayan Tela, ya samo tef ɗin awo na ƙarfe irin na kafintoci mai fita ya koma da kansa, ya sungumi fankar ɗakinsu a tsakiyar zafi ya yi sama da ita.

Mutum ɗaya ce ta tsayar da shi a bakin ƙofa, Inna Nas ta hawa na biyu, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, wadda bakinta ya fi allurarta zafi. Ta tambaye shi ko ruwan sabis za a yi da yake tara laima. Ya gyara tsayuwa ya yi mata bayani cewa saƙonnin waya daga sama suke zubowa kamar yayyafi, in aka kifa laima ta kalli sama sai ta tare su, tef ɗin awo kuma ya auna wanda ya dace ya shigo da shi.

Inna Nas ta gyaɗa kai ta ce, "Na sha jin irin wannan bayanin a asibiti, ɗan nan. Amma su a ɗaure ake kawo su."

Ta dai ba shi wata karyayyar laima, wai don ta samu ladan kallo.

Babban mai zuga shi Direba ne, mai tuƙa Mai Bene, wanda kuma rimot ɗin buɗe get yake hannunsa. Direba mutum ne da ba ya ƙin kallon kyauta. Kullum sai ya tare Sabis yana kiransa Farfesa, yana cewa irin wannan kan bai kamata a bar shi yana yawo ba hula ba. Sabis ya riƙa kumbura kamar ƙullin da ya sha yis, Direba kuwa in ya juya baya sai ya kama ƙofar mota yana dariya har da hawaye.

Da aka kafa abin, duk gidan aka hau kallo. Sandar fanka ce a tsakiya, an ƙara mata tsawo da bututun ruwa, an ɗaure gindinta a jikin bututun tanki. Laimomi a kewaye, tef-tef na awo sun fito kamar gashin bakin kyanwa, murafen tukwane na lilo suna ƙara. Inna Nas ta ce ita dai abin ya yi mata kama da zakaran da ya faɗa shagon masu gwangwani. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne wurin da ya zaɓa: daidai ɗan lungun nan da ake tsayawa a yi waya. Yanzu ba mai iya kusantar wurin sai tef ya nemi idonsa. Wanda yake son ya ji muryar ɗan'uwansa sai ya taka har babban titi.

Da aka yi masa ƙorafi, ya ce su kwantar da hankalinsu, sabis bai ɓata ba, tara shi ake yi. Ran da za a sake shi sai sun roƙa a rage.

Injin fankar ya ƙone tun a gwajin farko. Sabis ya ce daman ƙaramin tunani gare shi. Ba a jima ba Tela ta dawo daga sayen zare ta tarar da kekenta tsirara, an kwance ɗan injin lantarkin da ke juya shi. Ga kayan makaranta da ta karɓa jibge a kan gado, makarantar kuma tana dab da buɗewa. Ta hau rufi ba tare da ta ajiye jaka ba, ta tarar da injinta ɗaure a gindin wannan dodon, wayarsa ta bi bango ta shiga tagar ɗakinsu.

Ya ce aro ne, don ci gaban al'umma. Ya ƙara da cewa ai keken yana da fedar ƙafa, kuma likitoci sun ce taka feda na ƙara lafiya.

Ta miƙa hannu za ta kwance abinta, sai ga Direba ya hau da saƙo. Ashe Sabis ya riga ya gaya wa Mai Bene cewa injin nan shi ne zuciyar aikin. Dattijo da kansa ya aiko yana roƙo, wai Tela, da yake kira 'yata, ta yi masa haƙuri har ranar ta wuce. Tela ta tsaya da hannu a miƙe. Mutumin bai taɓa ɗaga mata murya ba tunda ta shigo gidan. Ta sauke hannun, ta sauko, ta zauna ta fara taka feda. Kafin mako ya zagayo ƙafafunta sun kumbura kamar na mai tsohon ciki.

Gwaji na biyu ya faɗo ranar wanki. Sabis ya tara 'yan kallo, ya fito da wani ɗan rimot da ya sayo a kasuwa, ya ce yau za su ga abin da jikokinsu za su karanta a littafi. Ya danna. Laimomi suka buɗe fat-fat-fat, injin Tela ya yi kuka, dodon ya fara juyi. Tef ɗin farko ya kamo igiyar shanya, na biyu ya kamo ta kusa da ita. Kafin a ce kwabo an naɗe wankin gidan kaf, zannuwan gado, kayan yara, singiletin Direba, har da abubuwan da ba a shanya su don idon maza ba. A can ƙololuwa siket ɗin cikin Inna Nas yana kaɗawa kamar tuta.

Sabis ya share gumi ya ce alhamdu lillahi, gwaji ya yi kyau, ya tabbata eriyar tana kama duk abin da ke kewayenta.

"To juya ta ta kamo maka hankali," in ji Inna Nas, "na ga ya daɗe da fita kewayen."

An kai yamma ana warware kaya. Farar rigar asibitin Inna Nas, wadda take wankewa tana adanawa don tuna aiki, ita ce ba a gani ba.

Tagar da Tela ke ɗinki tana kallon get. Ta san kukan injinta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, don haka ba ta daɗe ba ta lura da wani abu: duk sanda Direba ya danna rimot zai fitar da mota, sai ta ji injin ya tashi a sama, laimomi sun buɗe. In ya danna zai rufe, sai su tsuke. Ta tambayi Direba inda aka sayo rimot ɗin get, ya faɗi shagon. Shagon da mijinta ya sayo nasa ne, iri ɗaya, kwali ɗaya.

Ta gaya masa suna cin abinci, a hankali, don kada yara su ji. Ya ajiye cokali ya dube ta da tausayi. Ya ce abin da ta gani shi ake kira basirar na'ura, eriyar tana jin motsin saƙonni ne a iska ta amsa da kanta.

"Ba ki gane ba? Ta fara tunani."

"To ta riga ka," in ji Tela, ta kwashe kwanuka.

Ranar bikin ta zo da zafi mai nauyi, irin wanda iska ke tsayawa cik. Tun bayan azahar aka jera kujeru a haraba, aka fito da babban talabijin ɗin Mai Bene aka ɗora a tebur, aka zuro waya daga rufi har jikinsa. Dattijo ya sha sababbin kaya ya zauna a gaba, sandarsa a hannu. Abokansa suka fara isowa, tsofaffin 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, kowa da motarsa. Tela ta tsaya a taga da rigar makaranta a hannu, ta kasa ɗinki ta kasa sauka.

Sai ga Sabis ya fito sanye da farar rigar asibiti, ya ɗaure ɗamararta tamau, ya saƙala biro a aljihu. Inna Nas ta gane rigarta tun daga nesa. Ta buɗe baki, ta kalli Mai Bene, ta rufe, ta ajiye maganar a inda ba za ta lalace ba.

Ya yi jawabi. Ya faro daga yarintarsa, ya bi ta kamfanin da ya ce ya bari don sun kasa fahimtarsa, ya yi wa injiniyoyin duniya ta'aziyya don daga yau sai su nemi wata sana'a. Yana cikin magana wata mota ta yi hon, Direba ya danna rimot, get ya buɗe, can sama laimomi suka bazu suka fara juyi. Baƙi suka ɗaga kai. Sabis ya ɗan razana, ya dubi nasa rimot ɗin da ke aljihu, sai ya yi murmushi ya ce gaisuwa ce take yi wa manyan baƙi. Aka rufe get, ta tsuke. Ya ce ta rusuna.

Aka kunna talabijin. Ba abin da ya fito sai wani ɗan da'ira a tsakiyar gilashi yana zagaye. Sabis ya nuna shi da biro ya ce su lura da kyau, wannan alama ce ta cewa talabijin da eriya sun fahimci juna, tare suke juyawa. Wani tsoho mai gilashi ya ce shi ma wayarsa takan fahimci juna haka in kuɗin intanet ya ƙare. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Mai Bene bai yi ba.

Can hoto ya faɗo: wani mai sanƙo a kan mumbari, baki buɗe, ya daskare a haka. Aka jira ya rufe bakin, ya ƙi. Murya ta riƙa zuwa guntu-guntu kamar mai shaƙuwa, amma an gane an fara kiran sunayen ɗalibai. Mai Bene ya juyo ya kalli Sabis. Sabis ya gane kallon. Ya ce ɗan saiti ne ya rage wanda sai da hannun gwani, ya kwasa a guje ya hau matakala.

Ba wanda ya lura da hadarin da ya haɗo ta bayan dogayen gine-ginen sai Tela. Ta leƙa ta kira shi yana wuce ƙofarsu, ta ce ya dubi sama. Ya ce mata sama ai ofishinsa ne.

Daga haraba ana hango shi sarai, don tankin a bakin rufi yake. Ya rungumi sandar yana karkata ta, yana ɗaga wa jama'a hannu ɗaya. Daidai nan wani baƙo da ya makara ya danna hon a waje. Direba, wanda idonsa ke sama, ya danna rimot ba tare da tunani ba. Laimomin gidan gaba ɗaya suka buɗe lokaci guda, iskar farko ta hadari kuma ta iso kamar an aiko ta. Ɗamarar farar riga ta naɗe a jikin sanda. Dodon ya ɗauki mai shi ya fara zagaye da shi.

A zagayen farko ya leƙo ta saman haraba ya ce kada kowa ya tashi, cikin tsarin ne. A na gaba ya ce ɗan ƙaramin gyara ne. Daga nan ba a ƙara jin kalma ba sai sunan matarsa, yana zuwa yana wucewa kamar jiniya.

Tela ta fizge waya daga soket. Abin bai tsaya ba, don tuni iska ta karɓi aikin. Abin da ya iso mata ta taga shi ne ƙaurin ƙonewa, ta kuma san ko na mene ne. Ta dafa kekenta ta runtse ido.

A ƙasa Direba ya tuna tambayar da Tela ta yi masa kan rimot, ya shiga danna rimot babu ƙaƙƙautawa wai ya tsuke laimomin. Get ya buɗe, ya rufe, ya buɗe, ya dawo ya matse motar baƙon da ke shigowa ta tsakiya, mutumin na ciki yana salati. Ana cikin haka talabijin ya farfaɗo. Aka ga ƙafa ɗaya cikin baƙin takalmi tana hawa mumbari, murya ta fara kiran wani suna ta tsaya a rabi. Mai Bene ya miƙe tsaye ba sanda.

"Takalminta ne. Ni na aika mata shi."

Bai rufe baki ba bututun tanki ya ɓalle. Ruwan da gidan zai sha ya zubo daga sama a dunƙule, ya sauka a kan talabijin, ya fantsama kan baƙi. Gilashi ya yi baƙi. Sannan ruwan sama ya ce shi ma ga shi nan. Dattawa suka shiga neman mafaka suna tambayar ko akwai mai laima, ga laimomin gidan kaf a sama suna rawa. Daga ƙarshe dodon ya tumɓuke, ya rabu da mai shi, ya taso a hankali kamar mai saukowa daga jirgi, ya zauna daram a kan gilashin motar Mai Bene.

Shi kuwa Injiniya, ƙarfen da ke riƙe tanki ya cafke shi ta bayan riga, ya bar shi yana reto a bakin rufi. Wandonsa ya gaji da gwagwarmaya ya sauka har idon sawu. Duk wanda ya ɗaga kai daga haraba sai ya yi saurin saukewa, in ban da mutanen dogayen gine-ginen da suka cika tagogi da wayoyinsu. Su daman suna da sabis.

Tela ta ɗauki babban almakashinta ta hau, tana jan kumburarrun ƙafafu. Direba ya riga ta, ya kama ƙafafun Sabis ya janyo su ciki, yana cije leɓe. Inna Nas ta iso a bayansu tana haki, ruwa na bin fuskarta.

Sabis ya yi ƙasa da murya ya ce, "Maman 'Yan Biyu, yanka rigar. Amma a hankali, kada jama'a su ɗauka ba da gangan nake nan ba."

Tela ta ce ita a sana'arta ba ta yanka yadi sai da izinin mai shi. Ta juya ta kalli Inna Nas. Inna Nas ta ce rigar nan ta yi aiki da ita tun tana budurwa, ta ga haihuwa ta ga mutuwa, ba ta taɓa ganin wulaƙanci irin na yau ba, don haka a ba ta lokaci ta yi shawara. Ta nemi bokiti ta kifa ta zauna.

Tela ta tambaye shi ina injinta. Ya ce ya sadaukar da kansa a fagen bincike. Ta rufe almakashi ta juya za ta sauka. Rigar ta yi ƙara ta ɗan yage ta wajen wuya, Direba ya ce shi fa hannunsa ya fara gajiya.

"Tsaya. Na ƙona shi. Ban san komai a kan eriya ba."

"Ban ji ba," in ji Tela. "Sabis ɗin ba shi da ƙarfi."

Ya maimaita da ƙarfi, har na haraba suka ji, har na tagogin maƙwabta suka samu abin ɗauka. Ya ƙara da cewa shi tsani kawai ya iya riƙewa. Inna Nas ta ce shi ma an ce sakinsa ya yi, amma dai a yanka. Tela ta yanka. Ya faɗo kan Direba, suka zube cikin ruwa tare.

Da ta sauko, baƙi sun watse, sai wanda get ya matse yana jiran a cece shi. Mai Bene yana zaune a jiƙaƙƙiyar kujerarsa, yana kallon mataccen talabijin. Nan ne dariyar da ta taso wa Tela a sama ta koma ciki. Tsoho ya jira shekaru, abin da ya samu takalmi ne. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Direba ya gaya wa na hawa na uku su nemi wuri kafin wata ya ƙare, ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Da safe Tela ta sauka ita kaɗai. Ba ta kare mijinta ba, ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta ce, Baba, ta ga abin tun yana ƙarami ta kasa hanawa, kuma ba ta da bakin ba shi haƙuri a kan abin da ba ya dawowa. Ta ce in ya ce su tashi za su tashi, ta dai zo ne don kada ya zaci ba wanda abin ya dama a ɗakinsu.

Dattijo ya ɗago ya dube ta. Ya ce 'yar ta aiko da hoton bikin, Direba ya kai shi babban titi ya kalla a waya, a cikin motar aro. Ya ce ashe takalmin ma ba nata ba ne. Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ya kalli ƙafafun Tela ya ce ita ba ta yi masa komai ba, ta zauna da 'ya'yanta. Mijin kuma zai iya zama a matsayin kayanta, bisa sharaɗi: ba shi ba rufi, ba shi ba duk abin da ke da waya a jiki, kuma har a gyara tanki shi zai riƙa hawa wa kowane ɗaki da ruwa.

Haka aka yi. Da safe Injiniya yana bin matakala da bokiti a ka, Inna Nas na zaune a ƙofarta tana tambayarsa ko yau ma tara shi ake yi. Ga wanda ya tsaya saurare, yakan ce manyan kamfanoni ne suka ji tsoronsa, kuma ba a banza hadarin nan ya zo a ranar ba. Ba mai tsayawa.

Sauran yinin kuwa na Tela ne. Kayan makaranta ba su san an yi hadari ba, ƙafafunta kuma sun ƙi taka feda. Sai ta jawo keken tsakiyar ɗaki, ta ajiye 'yar kujera ta bayansa, ta zaunar da mijinta, ta ɗora ƙafafunsa a kan fedar ta can ɓangaren. In ta ce tafi ya tafi, in ta ce tsaya ya tsaya. Ya karya mata allura a ranar farko, daga baya ya kama hannu. 'Yan biyu in sun dawo sukan tsaya a ƙofa su yi kallo, uwar ta kore su da ido.

Ana saura 'yan riguna kaɗan a gama, ta ji fedar ta fara sanyi. Ta ɗago. Ya ƙura wa ƙafar keken ido, kansa a karkace, leɓensa na motsi, irin kallon da ta sani.

"Kin san kuwa, Maman 'Yan Biyu, da za a samu sarƙar keken hawa a haɗa da wannan fedar, sannan a zuro waya ta taga..."

Tela ta gyara wuyan riga a ƙarƙashin allura.

"Taka," ta ce.

Ya taka.